Mai Kujerar Baya

A shekarar fari ta biyu, ran wata Alhamis da la'asar, Alkasum ya shiga Zangon Damagaram neman moto, wato babur.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Hamdara. Rijiyarsu ta ƙafe, jakai sun mutu. Mata kan yi tafiyar yini su dawo da rabin tulu. Matarsa Zuliha kuwa kwananta huɗu da haihuwa, nononta na ɗaukewa saboda rashin ruwa. Shi ya sa ya koro shanunsa biyu da suka rage, ya sayar da su a kasuwar Damagaram tun suna iya tsayuwa. Niyyarsa ɗaya ce, ya sami abin hawan da zai riƙa ɗebo ruwa daga Mirya.

Abin da ke aljihunsa bai kai na sabo ba. Aka nuna masa rumfar Kolo, wani tsohon Babarbare mai gyaran moto.

Moto ɗaya ne na sayarwa a rumfar. Da ja ne, rana ta kashe launin. Irin na tsere, mai hannaye ƙasa-ƙasa, sai mutum ya kwanta a kan tanki kafin ya tuƙa. Wani Nasara ne ya ƙetaro hamada da shi shekarun baya.

Alkasum ya koyi tuƙi a Kano wajen cin rani. Ya zagaya moton, ya matsa taya, ya ja sarƙa, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin inji.

"Buɗe bakinsa ka ƙirga haƙora mana, ɗan ƙauye," in ji Kolo. "Ba jaki ba ne."

"Baba, wannan ai na samari ne. Ni kaya zan ɗauka."

"To ka sayi kamiyo, babbar motar kaya. Agogon kilomitansa ya cika, ya koma sifiri, ya sake hawa. Ban ɓoye maka ba. Amma saurari inji."

Kolo ya buga shi sau ɗaya. Moton ya tashi da gurnani mai kauri, babu tari, babu hayaƙi.

Abu ɗaya ya tsaya wa Alkasum a rai. Kujerar gaba ta bushe ta tsattsage. Ta baya kuwa ta lotsa sosai, fatarta da laushi, da ɗan danshi.

Mai moton na zaune a gefe a kan tsohuwar taya. Sunansa Sha'ibu, a da allurar shanu yake yawon yi a ƙauyuka. Leɓɓansa sun dare. Fatarsa ta manne da ƙashi kamar kilishi. Ana zafin da kowa ke jiƙe, shi babu ɗigon gumi a goshinsa.

"Malam, wa kake ɗauka a baya haka?"

"Ba na ɗaukar kowa."

Bai yi ciniki ba. Abin da Alkasum ya taya, shi ya karɓa. Ya miƙe da ƙyar, ya riƙe hannun Alkasum, ya sa masa makulli a tafi, kamar yadda ake miƙa ragamar doki a kasuwa.

"Na sallama maka shi, da duk abin da ke kansa."

"Allah ya sa albarka."

"Ka ce ka karɓa."

"Na karɓa."

Sha'ibu ya sauke numfashi mai tsawo. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kafin ka tayar da shi, ka zuba ruwa moɗa ɗaya a kujerar baya. Kullum. Kuma kada ka ɗora kaya a kanta."

"Ruwa? A bana?"

Kolo ya yi tsaki. "Shekara uku ina gaya masa fata mai take so, ba ruwa ba. Rabu da shi. Kai dai ka kwana a gari, rana ta yi ƙasa."

"Mai jego na jira."

Alkasum ya sha esansi, ya cika tanki, ya kama hanyar gabas.

A Mirya ya tsaya a rijiyar wani lambu. Ya cika bido mai lita ashirin, ya cika ɗan goran da ke rataye a kafaɗarsa. Moton ba shi da wurin kaya. Ya ɗora bidon a kujerar baya ya ɗaure tam da roba.

Ya tuna da maganar Sha'ibu. Ya dubi matan da ke jere da tuluna tun safe. Ya tuna liman ɗin ƙauyensu wata biyu ke nan yana taimama. A zuba ruwa a kan kujera a irin wannan shekara? Ai alhaki ne.

Bai zuba ba.

Ya bar titi ya shiga hanyar rairayi rana na ja. Gonaki fayau, ko kara babu. Gefen hanya mushen shanu ne, fata da ƙashi, warinsu na zuwa yana wucewa. Babu tsuntsu. Babu mai tafiya. Daga ƙarar inji sai ruwa na kaɗawa a cikin bido.

Can sai ya ji ruwan ya daina kaɗawa.

Wani sauti ya maye gurbinsa, dab da bayansa. Ƙwat. Ƙwat. Ƙwat.

Ya san sautin. Haka maƙogwaron saniya yake yi in ta kwana biyu ba ta ga rijiya ba.

Ya ce a ransa murfi ne ya kwance. Ya miƙa hannun hagu baya ya taɓa. Murfin na nan a rufe. Ya ƙwanƙwasa bidon da yatsa, ya amsa masa kamar ganga.

Babu komai a ciki.

Amma moton bai yi sauƙi ba. Nauyi ya ƙara. Tayar baya na nutsewa a rairayi, inji na nishi.

Wari ya canja. Ba na mushe ba ne yanzu. Warin tsohuwar rijiya ne, laka da ta bushe da kashin jemage.

Ya saki wuta don ya tsaya. Moton bai rage gudu ba. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya murɗa makulli ya kashe. Inji ya ci gaba da gurnani.

Sai hannaye biyu suka kama ƙugunsa.

Sirara ne, masu zafi, kamar itacen da ya yini a rana. Inda suka taɓa, rigarsa da ke jiƙe da gumi ta bushe nan take.

"Ba ka ba ni ba."

Muryar a kunnensa take, ƙasa-ƙasa, kamar iska a cikin busasshen kara.

"Na ɗauka da kaina."

Alkasum ya buɗe baki zai ja Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya manne a ganɗa. Babu miyau. Ya ƙifta ido, ya ji kamar an zuba masa tsakuwa.

"Wane ne?" Da ƙyar ta fita.

"Baƙonka. Ka ce ka karɓa."

Rana ta faɗi. Sauran ja ne kawai a bayansa. A gaba ya hango kukar da ke bakin ƙauyensu, baƙa ƙirin, da siririn hayaƙi a bayanta.

Abin ya ja numfashi ta hanci, a hankali, a saman kafaɗarsa.

"Ina jin ƙanshin nono."

Zuliha ta faɗo wa Alkasum a rai, muryar kuma ta ci gaba.

"A gabanmu ne. Ba nisa."

Moton ya ƙara gudu.

Ya yi tunanin ya faɗi da gangan. Hannayen sun riƙe shi kamar ƙarfe. Ya karkata kan moton zuwa daji, moton ya dawo kan hanya da kansa.

Goran ya bugi ƙirjinsa.

Shi ne ruwan da ya rage a duniya. Na Zuliha ne. Ya tuna abin da kowane gida ya sani, cewa baƙo ruwa ake fara ba shi, kuma babba ba a miƙa masa da hannu ɗaya.

Ya haɗa sauran muryarsa.

"Baƙo, na yi laifi. Ga ruwanka."

Hannayen suka ɗan sassauta.

"Amma ba a ba babba ruwa a kan abin hawa. Sauka ka zauna. In miƙa maka da hannu biyu."



Kukar na matsowa. Ya fara ganin dannin gidaje.

"Sauka, ranka ya daɗe."

Inji ya yi ƙasa. Ya yi ƙasa. Moton ya tsaya cak a gefen wata rijiya da aka bari tun bara.

Kujerar baya ta yi ƙara, ta ɗago.

Alkasum ya sauka. Bai ɗaga ido ba. Ya tsuguna, ya cire goran, ya miƙa da hannu biyu. A ɗan hasken da ya rage ya ga ƙafafu biyu, dogaye, sirara. Ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta tsattsage.

Aka karɓa.

Ƙwat.

Ya zare makulli, ya ajiye a rairayi gaban ƙafafun.

"Na sallama maka shi. Da duk abin da ke kansa."

Ƙwat.

"Ka ce ka karɓa."

Ƙwat.

Goran ƙarami ne. Yana jin sautin na zuwa ƙarshe.

"Abin hawa ne mai kyau. Yana kai mutum inda ruwa yake. Ka ce ka karɓa."

Goran ya faɗi ƙasa, fanko.

Numfashi mai zafi ya sauka a tsakiyar kansa.

"Na karɓa."

Ya ruga. Bai nufi gida ba, yamma ya yi, ya bar takalmansa a rairayi. Ƙaya ta shige shi bai ji ba. A bayansa inji ya tashi da bugu ɗaya.

Ya faɗa wani kwari ya kwanta. Ya kasa kunne.

Ƙarar ta nufi ƙauye.

Ta tsaya.

Ta daɗe a tsaye, tana gurnani.

Sannan ta juya. Ta yi arewa, ta wajen Zermu, tana raguwa har ya daina jin ta.

Ana kiran isha'i ya shiga gida. Ba shanu, ba moto, ba ruwa. Zuliha na zaune bakin ɗaki da jaririya a cinya. Ta dubi hannunsa, ta dubi ƙafarsa mai jini.  Ta jawo wata moɗa daga ƙarƙashin faifai, ruwa rabi a ciki.

"Sannu da hanya, Malam. Na rage maka."

Ya dubi ruwan. Leɓɓansa sun dare kamar na Sha'ibu.

"Sha ke."

"Kai ka yi tafiya."

"Na ce ki sha."

Ta sha. Jaririyar ta motsa ta tsala kuka, sai ya zauna a ƙasa yana saurare kamar wanda ake wa bushara.

Kwana biyu bayan haka ya ɗauke su suka koma Mirya a ƙafa, wajen dangin Zuliha. Nono ya dawo. Yarinyar ta rayu, aka sa mata Binta. Kolo ya ce a daidai magaribar ran nan an ga Sha'ibu zaune a ƙofar masallaci, gumi na zuba daga goshinsa, yana kuka da hawaye.

Alkasum bai sake hawa moto ba. A ƙugunsa akwai shatin yatsu, biyar dama, biyar hagu. Ko a tsakiyar bazara wurin ba ya gumi.

Mutanen ƙauyukan hanyar kuma, in magariba ta kawo, sukan ajiye moɗar ruwa a bakin hanya, nesa da gidaje. Liman ya hana, ba su daina ba. Da safe akan tarar da ita a bushe, da sawun taya ɗaya a gefenta.