Allurai a Gindin Kwalba

"Ba zan faɗa ba, Dakta. Ban yi kuskure ba."

A haka Sufeto ya same su da ya turo ƙofar ɗakin gwaje-gwajen. Wata matashiya cikin farar rigar aiki tana tsaye ta harɗe hannu, wani dattijo mai furfura yana gabanta yana huci. Ita ce ta kira 'yan sanda da kanta.

"Yallaɓai, babu wata sata," in ji dattijon, wanda shi ne shugaban wurin. "Yarinya ce ta ɓata aiki. Na ce ta amsa laifinta a rufe magana, ta kafe. Ni na koyar da ita, amma kanta ya fi dutse tauri."

"Kai ka koyar da ni, shi ya sa na san ban ɓata ba," ta ce.

A wurin ana fitar da sinadarin maganin zazzaɓi ne daga ganyen wani tsiro. Kamfanin da ke saye ya dawo musu da kwalba guda, ya ce sinadarin da ke ciki gurɓatacce ne. Idan ta tabbata aikinta ne, an kore ta ke nan, kuma babu ɗakin gwajin da zai sake ɗaukarta.

Sufeto ya ɗaga kwalbar saitin taga. Gari ne lukui, fari amma da ratsin rawaya.

"Malama, me ya sa kika ce ba naki ba ne?"

"Nawa kamar allurai yake fitowa, dogaye, farare tas. Ana narkar da ɗanyen sinadarin a cikin sifirit mai zafi, a tace, a ajiye ya huce da kansa. Mai tsabtar zai fito sannu a hankali, dattin ya zauna cikin ruwan. Wannan kuwa gaggawa aka yi masa. An tsoma shi a ƙanƙara, ya daskare da dattinsa. An ɗauke nawa, an zuba wannan."

Sufeto ya wuce sito. Mai sito, wani gajere mai yawan murmushi, ya rantse babu wanda ya shigo ranar hutu.

"To ina ƙanƙarar firjin nan?"

"Ni na sha, Yallaɓai. Zafi."

"Bokiti guda? Lallai cikinka rijiya ne."

A bayan kwalaye Sufeto ya tsinci wata kwalbar gilashi mai faɗin gindi, an wanke ta an kife. Cikinta duk karce ne, siraran layuka sun gitta juna a gefe ɗaya. Mai sito ya ce bai taɓa ganinta ba, murmushin kuma ya ɗauke.

Sufeto ya koma ɗakin gwajin da kwalbar a aljihun rigarsa.

"Ni ban yi wannan karatun ba," ya ce. "Ku yi mini aikin a gabana, kowa da tasa kwalbar, ko na gane."

Suka narkar, suka tace. Malama ta naɗe tata da tawul, ta bar ɗan gefe a buɗe, ta ja kujera ta zauna.

Ɗakin ya yi tsit. Hasken la'asar ya ratso ta taga ya kwanta cikin ruwan, ya mai da shi kamar zuma. Sufeto ya dafa haɓa yana kallo har ya manta abin da ya kawo shi. Can sai wani ɗan zare fari ya bayyana a tsakiyar ruwan, ba a ga inda ya fito ba. Wani ya tsiro a jikinsa, wani ya bi. Suna miƙewa a hankali kamar ciyawa bayan ruwan farko, suna sheƙi, suna sauka ƙasa ba ƙara. Ya ji kamar shi ma yana nutsewa tare da su cikin wani wuri mai sanyi inda babu mai ƙarya.

Wani ɗan sauti ne ya dawo da shi. Ƙir, ƙir, ƙir.

Dakta yana ba da labarin ɗalibansa na da, bai ko kalli hannunsa ba. Hannun kuwa ya ɗauki sandar gilashi yana karce cikin kwalbar, a gefe ɗaya, layi kan layi.

"Me kake yi, Dakta?"

"Tsokanar sa nake ya fito da wuri. Halina ne tun ina ɗalibi, ba ni da haƙurin jira."

Sufeto ya zaro kwalbar sito ya ajiye kusa da ta Dakta. Karcen iri ɗaya ne. Mai sito da ke leƙe daga bakin ƙofa ya durƙusa. "Shi ya aike ni ƙanƙara ranar hutu, Yallaɓai. Ya ce in kama bakina."

Dakta ya ajiye sandar a hankali.

"Nata na ɗauke, na sayar wa wani ɗan kasuwa," ya ce. "Na ɗauka kamfanin ba zai gwada ba. Da suka gwada, na ɗauka ita za ta yi shiru saboda ni." Ya juya ya dube ta. "'Yata, kalma ɗaya kawai na roƙe ki."

"Da ka roƙi wani abin, Baba, da na ba ka."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa, ya fita da shi ta tsakanin ma'aikatan da suka yi cirko-cirko a baranda. Ita ba ta bi shi da kallo ba.

Da sunan Dakta wurin yake tsaye, saboda haka bai daɗe ba aka rufe shi. Sunanta ya wanku, amma ta rasa aikin, ta rasa mutumin da take kira Baba, waɗanda abincinsu ya yanke tare da nata kuma suka daina amsa gaisuwarta. Ta san haka za a yi tun kafin ta ɗauki waya ta kira 'yan sanda.