Sa Hannun Yaya

A bayan garejin gyaran motoci, cikin ɗakin da ake jibge tsofaffin tayoyi, Kafinta ya zana bankin a ƙasa da tsinin sukudireba. Rana tsaka ce, amma ƙofa a kulle take. A waje ana ta bugun ƙarfe, babu mai jin abin da ake faɗa. Tun da mutumin ya ajiye zarto ya ɗauki bindiga bai ƙara taɓa katako ba, sunan dai ya ƙi barinsa.

"Ƙofar gaba ba ta da amfani," in ji shi. "Mutum ɗaya take haɗiya, ta tsaya tunani, sannan ta tofar da shi ciki. In da ƙarfe a jikinka ta riƙe ka. Ta gefe nake so, inda motar kuɗi ke tsayawa. Daga ciki ake zare sakatarta. Ina son ido a ciki."

Ƙwaro, mai saurin hannu a kan kunamar bindiga, ya ce, "A tura wani ya ciro kuɗi mana, Maigida."

"Mai cire kuɗi shiga yake ya fita. Mai buɗe asusu shi ne ɗan gida. Su zaunar da shi tun safe, su ce dawo gobe, su ce dawo jibi. Har mai gadi sai sun saba."

Duk suka juya ga Tsinke. Shi kaɗai ne fuskarsa ba tabo, shi kaɗai ne kuma ya gama sakandare.

"Da wane suna zan buɗe?" ya tambaya.

"Da naka. Yatsa suke ɗauka yanzu, sunan ƙarya nan take zai tona ka. Jama'a nawa ke buɗe asusu? Wa zai tuna da kai? Ranar aiki ka zare mana sakata, ka kwanta da masu kwanciya, ka tashi da masu tashi. Kasonka yana jiranka."

Maganar ta yi wa Tsinke daɗi a kunne. Da ya waiwaya a lokacin, da ya ga Ƙwaro ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalmi. Bai waiwaya ba.

Washegari ya sa riga mai guga ya tafi. Sanyin na'ura ya buge shi tun daga bakin ƙofa. Aka nuna masa teburin wata mata mai farin gilashi, ya zauna ta yadda idonsa zai riƙa kai wa lungun ƙofar gefe. Ya ga mai gadin ciki dattijo ne, ƙafarsa ɗaya ba ta da lafiya. Ya ga 'yan sandan bakin titi sun fi kula da inuwa fiye da ƙofa.

"Wane iri kake so, malam?" in ji matar.

"Wanda ya fi ɗaukar lokaci," ya kusa cewa. Ya haɗiye. "Irin na 'yan kasuwa, mai littafin cak."

"Karant ke nan. To sai ka kawo hoto, da katin shaida, da takardar wutar gidanku. Sannan mutum biyu masu irin wannan asusu su sa hannu sun tsaya maka, sun san ka, sun san halinka."

Ta danna yatsunsa a kan wani ɗan gilashi mai jar wuta, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ya kalli kyamara, kada ya yi murmushi. Wannan kam bai ba shi wahala ba.

Mutum na farko ba a sha wuya ba, mai garejin ya sa hannu ko karantawa bai yi ba. Na biyun ne ya gagara. Duk duniya Tsinke mutum ɗaya ya sani mai asusu a banki, wanda kuma zai yarda ya ce ya san halinsa.

Yayansa tela ne. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, da ƙafar keke ya biya masa makaranta. Tsinke ya same shi a shago, tef a wuya, allura a baki, ya ce masa ya fara sayar da kayan gyaran waya, banki yake so ya shiga.

Yaya ya cire allurar ya daɗe yana kallonsa.

"Kai ne da banki? Kai da ko aljihunka ba ya riƙe canji?" Ya yi dariya har da hawaye, ya leƙa ya kira maƙwabcinsa mai wanki. "Zo ka ga ƙanena, ya zama mutum. Gobe in na je rance sai ya ce in dawo jibi."

Ya goge hannu a wando, ya kawo takardar dab da hancinsa saboda idon ya fara gajiya, ya sa hannu a hankali kamar mai ɗinkin wuyan riga. Tsinke ya ji kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Amma ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya yi godiya.

Ya koma bankin, ya sake komawa. Mai gadi ya fara ce masa ɗan kasuwa. Ya gane ranar da motar kuɗi ke zuwa, ya gane sakatar ba ta da kwaɗo sai an tashi aiki. Duk ya kai wa Kafinta. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ya fara son asusun da gaske. Yakan kwatanta sunansa a buge a jikin littafin cak.

Ranar aiki gari ya tashi da hadari, ba iska, ba ruwa. Tsinke ya shiga ta ƙofar gaba hannu sake, wayarsa a aljihun ƙirji. In ta yi rawa, ya tashi ya zare sakata. Iyakar aikinsa ke nan.

"Ƙanena."

A kan bencin jira, tef a wuya, ga Yaya yana masa murmushi.

Tsinke ya ƙarasa wurinsa da sauri. "Yaya, me ka zo yi nan?"

"Su suka kira ni. Wai sa hannuna bai yi kama da wanda na bar musu tun ina saurayi ba, in zo in sake a gabansu. Ka ji fa, hannu ma tsufa yake. Na sake, har sau uku ta sa ni. Na ce bari in jira in ga an ba ka littafin nan da idona."

"Tashi ka tafi shago."

"Na rufe shagon."

"Yaya, don Allah ka tashi."

"Kunyar tef ɗina kake ji? To bari in cire."

Tsinke ya kama hannunsa ya ja shi zuwa ƙofa. Layi ne a wurin. Ƙofar ta haɗiyi wata mata mai goyo, ta tsaya tunaninta. Yaya ya dubi zufar da ke goshin ƙanensa cikin wannan sanyi, murmushin ya gushe daga fuskarsa.

"Me ka yi?" ya ce a hankali.

Wayar ta yi rawa.

Tsinke bai motsa ba. Ta sake rawa. Ya ce a ransa in sakata ba ta zaru ba za su haƙura su juya. Ya manta Kafinta bai taɓa shirya aiki da hanya ɗaya ba.

Ma'aikatan motar kuɗi suka ƙwanƙwasa, dattijon mai gadi ya ɗingisa ya zare sakatar da hannunsa — sai ƙara! Ƙofar ta bugi bango. Mai gadin ya zube.

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Gilashi ya tarwatse. Mata suka sa ihu. Ƙwaro ya haye kantar bankin — harbi sama, harbi gefe! Tsinke ya danne Yaya a ƙasa, fuskokinsu dab da juna a kan sanyin tayil. Yaya bai rufe ido ba. Kallonsa kawai yake.

Jakunkuna suka fita ɗaya bayan ɗaya. Daga nesa jiniya ta fara kuka.

"A tafi! A tafi!"

Takalma suka yi ƙofa. Sawu ɗaya ne bai bi su ba. Ya taho a hankali, yana taka fasasshen gilashi, ya tsaya a kansu. Tsinke ya san takalmin.

"Ɗan kasuwa," in ji Kafinta ta cikin ƙyallen da ya rufe fuska. "Ka bar musu sunanka, da hotonka, da yatsunka goma. Ko ka zare sakata ko ba ka zare ba, dama nan za ka kwana."

Sai a lokacin Tsinke ya gane abin da ya sa aka ce ya buɗe da sunansa. Gawar mai jiran littafin cak ba ta ba 'yan sanda labari.

Bakin bindiga ya sauko. Yaya ya yunƙura da ƙarfin da ba a san yana da shi ba, ya kife a kan ƙanensa.

"Ƙanena ne, malam —"

Ƙara ɗaya. Sawun ya ruga.

Tsinke ya ji nauyin ya saki a kansa, ya ji ɗumi yana bin wuyansa. Ya kira Yaya, ya sake kira. Tef ɗin nan yana nan a wuyansa, bai samu ya cire ba.

Ko da 'yan sanda suka shigo ba wanda ya nuna shi. Shi ya ɗaga hannu da kansa. Ya faɗa wa Sufeto garejin, da ɗakin tayoyi, da kangon da za a sauya mota. Kafin la'asar aka kewaye kangon. Ƙwaro ya mutu a bakin katanga. Direbansu ya miƙa wuya. Kafinta aka fito da shi daga ramin gyaran mota, ƙafa a karye, yana rantsuwa shi fasinja ne. Mai gadi bai kai asibiti ba. Kuɗin banki suka koma banki, ba abin da ya yi ciwon kai. Shagon tela kuwa, mai wanki ne ya je ya ƙara masa kwaɗo.

A ofishin 'yan sanda Tsinke na zaune a ƙasa da ankwa, jinin ya bushe a rigarsa mai guga. Wayarsa, da ke kan tebur cikin kayan shaida, ta yi rawa. Sufeto ya ɗauka da sauri, ko wani ne ya rage a cikin 'yan fashin. Ya karanta, ya dubi Tsinke.

"Daga banki ne," ya ce. "Wai suna taya ka murna. Sa hannun mai tsaya maka ya yi daidai, an buɗe asusunka."

Tsinke ya kifa kai a gwiwa. Tun safe bai yi kuka ba sai a lokacin.