Suwaitar 'Yar Fari

"Me ya dawo da ita?"

Balkisu ta tsaya riƙe da butar da ta kawo wa mijinta, idonta a kan jar suwaitar da ya ajiye bisa tabarma.

"Ta yi mata kaɗan," in ji Mahmudu, bai ɗago ba. "Ko cibiya ba ta rufe ba. Yaya Dela ta ce a ba wata."

"A ba wata...!"

"Haba Balkina, kwantar da hankalinki."

"Wata uku ina saƙa ta, Malam. Da ka gaya mini tsayinta!"

"Kin tambaye ni?"

Maganar ta soke ta. Ina za ta tambaya? Fatime 'yarta ce ta fari, kuma a gidan su Mahmudu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta yi cigiyarta. Ranar da aka yaye ta, yayarsa Dela, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo Garwa ta goya ta sai Ngawundere. Dangi suka yi ta yabon kawaicin Balkisu. Yabon nan shi ta ci ta ƙoshi shekara biyar, ko ɓatan wata ba ta sake yi ba.

Shi kuwa duk wata yana can, yana loda shanu a sabon jirgin ƙasa mai zuwa Yawunde, yana cin tuwo da yarinyar. In ya dawo sai labarin sanyin garin. Wannan sanyin ne ya hana Balkisu sukuni. Ta ɗauki tsinken saƙa a cikin zafin Garwa, gumi na ɗiga, ta auna da hoton da ke ranta na ɗiyar da ta rabu da ita.

Washegari ta shiga wurin maƙwabciyarta Honorine, matar malamin makaranta daga kudu, wadda ta koya mata saƙar.

"Jan ulu ya ƙare a kanti, ma chérie, ƙawata," in ji Honorine. "Sai dai mu ja ta."

Suka jiƙa ta a ruwan ɗumi, suka naɗe a tawul suka matse, suka shimfiɗa bisa katifa. Honorine ta riƙe kafaɗu, Balkisu na jan ƙasa, suna kafewa da allura.

"A hankali! Za ki yaga!"

"Ƙara kaɗan..."

"Ulu yana da iyaka. Wai ke, ɗiyarki ce fa. Me zai hana ki je ki auna ta?"

Hawayen Balkisu suka sauka a kan ulun. Kwana biyu suwaitar ta bushe. Yatsa huɗu ta ƙaru.

Ranar tafiya ta tare shi a ƙofa da mayafinta.

"Da ni za ka."

"Me mutane za su ce?"

"Su ce. In har kana sona yadda kake faɗa, ka bar ni in sa mata da hannuna. Sau ɗaya."

Ya daɗe yana kallonta. Yana sonta, wannan ba ta taɓa shakka ba. Tsoron yayarsa ne ya fi son ƙarfi.

"Ki yi mini alkawari ba za ki ce komai ba, zuciyata. Yaya ba ta gaya mata ba."

Ta yi alkawarin. Suka hau babbar mota, suka kwana a hanya.

Dela ta tarbe su da fara'ar da ba ta wuce leɓe ba. Ta ƙwala kira, sai ga yarinya doguwa, siririya, da wushirya irin ta Balkisu sak.

"Gaida kawunki. Ga matarsa ta kawo miki tsaraba."

Balkisu ta durƙusa da suwaitar. Ta zura mata wuyan, ta zaro 'yan hannuwan ɗaya bayan ɗaya, ta ja ƙasan. Ya rufe cibiya daidai. Ƙamshin man kaɗanya na tashi daga kitson yarinyar, ta ji kamar ta haɗiye ta don so.

"Na gode, matar Kawu," in ji Fatime, tana shafa ulun. "Ke kika saƙa?"

"Ni ce."

"Don ni kaɗai?"

"Don ke kaɗai."

Yarinyar ta karkata kai, ta dube ta da tausayi.

"Ke ba ki da ɗiyar da za ki saƙa wa?"

Dela ta kafe Balkisu da ido. Balkisu ta juya wajen mijinta tana roƙonsa da kallo, kalma ɗaya kawai take nema daga bakinsa. Mahmudu ya sunkuyar da kai yana gyaran takalminsa.

Ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

"Ba ni da ita," ta ce.