Auta Ba Ta Yafe Ba

"Auta, kalma ɗaya nake roƙo... ki ce kin yafe."

Ta ɗago ta dubi Lauya, mutumin da aka kusa ɗaura musu aure. A bakin ɗakin shari'a suke tsaye, yana ta murza makullin motarsa.

"In yafe wa wanda ya harbe Yayana don ya ƙi kauce masa a layin mai?"

"Hasken raina, ki fahimce ni. A shari'a, in ɗaya daga cikin magada ya yafe, hukuncin kisa ya faɗi. Umma ta ƙi, yayyenki sun ƙi. Ke kaɗai kika rage."

"Wa ya aiko ka?"

Ai ba sai ya faɗa ba. Mai kisan ɗan minista ne, Lauya kuwa a ma'aikatar shari'a yake cin abinci. Tun da aka fara zaman kotun nan manya suka tuna da addini. Har malamai aka turo gidansu a manyan motoci suna wa'azin falalar afuwa, mutanen da ko gaisuwar mutuwa ba su zo ba.

"Allah yana son masu yafiya, Auta."

"Yana so! Amma ni ya ba zaɓin, ba minista ba. Da ɗan mai faci ne ya yi kisan, za ka zo kana marairaice min?"

"Za su kore ni daga aiki... auren ma ban san makomarsa ba."

Nan zuciyarta ta karye, don tana son mutumin nan kamar ranta. Amma Yaya ne ya riƙe ta bayan rasuwar Abba, kuma da hannunta ta wanke rigarsa mai jini.

Ɗan sandan kotu ya leƙo ya kira ta.

Ɗan ministan na tsaye yana murmushi, da gani an ce masa magana ta ƙare. Alƙali ya gyara tabarau ya tambaye ta matsayinta. Ta waiwaya. Lauya na bakin ƙofa, idonsa jajir, leɓensa na motsi, "Don Allah..."

"Ranka ya daɗe, ban yafe ba!" Ta nuna ɗan ministan. "Ina so uwarsa ta ɗanɗani abin da Ummata ta ɗanɗana."

Murmushin ya ɗauke ɗif. Lauya ya sunkuyar da kai, ya juya ya fita, ta kuma san ba zai dawo ba.

Ta faɗa jikin Umma tana kuka kamar ranta zai fita.

"Kin yi nadama ne, 'yar nan?"

"A'a, Umma. Ina son shi... amma ko gobe aka sake tambayata, amsar ke nan."