A Cire Sunanta A Sa Nasa

Ummi Kulsum tana tankaɗen garin tuwo a tsakar gida sai ta ji ihu daga ɗakin 'yarta Bahijja. Ta yar da rariya ta shiga da gudu tana salati, a zatonta kunama ce.

"Innalillahi! Ina ta harbe ki?"

"Ummi, na samu aiki! Wallahi na samu!"

Bahijja ta juyo mata da fuskar laftof. Ummi ta duba ta ga Turanci, sai ta mayar da idonta kan fuskar 'yarta, don nan ta fi gane karatu.

Bahijja da saurayinta Musaddiƙ, ɗan Roni, tare suka yi karatun kwamfuta, tare suka yi bautar ƙasa, tare kuma suka dawo gida suka zauna, wanda shi ne zango na ƙarshe a karatun boko, sai dai ba a ba da takardar shaidarsa. Shi ya koya mata dabarar: a nemo imel ɗin masu ɗaukar wa kamfanoni ma'aikata, a rubuta musu kai tsaye, ba sani ba sabo, a ce ga ni, ga abin da na iya. Yawancinsu ba sa amsawa. Masu kirkin cikinsu sukan amsa su ce a'a. Amma wata mata a wani kamfanin manhaja na Legas ta amsa wa Bahijja, ta yi mata intabiyu ta bidiyo, yau kuma ta ce an ɗauke ta, daga ɗakinta a Kazaure za ta riƙa aikin.

"Matar nan 'yar uwar wa ce?" in ji Ummi.

"Ba ta kowa ba ce, Ummi."

"Wa ya kai ki wurinta?"

"Babu."

Ummi ta zauna a bakin gado a hankali. Ta ga abubuwan mamaki a duniya, amma ba ta taɓa ganin aikin da ya zo babu kawun kowa a cikinsa ba.

An riga an sa ranar auren bayan kaka, don haka kafin la'asar labari ya isa Roni. Ranar Asabar sai ga Hajiya Saude, mahaifiyar Musaddiƙ, da yayanta Kawu Lauwali, wanda ya riƙe yaron tun rasuwar ubansa, ya kuma yi ritaya daga ofishin ma'aikata na wata ƙaramar hukuma. Baba Kura, mahaifin Bahijja, ya tarbe su a falo. Musaddiƙ ya raɓe kusa da takalma, kansa a ƙasa.

"Alhaji, mun zo taya murna," in ji Kawu, "mun kuma zo da ɗan gyara. Gurbi ya faɗo mana, alhamdulillahi. Kuskure ɗaya aka yi, ya faɗo ta ɓangaren mata. Sai yarinya ta rubuta wa matar nan ta ce a cire sunanta a sa nasa. Karatunsu ɗaya, makarantarsu ɗaya. Ni da hannuna na sha yin irin wannan a ofis."

"Wannan kam mun shaida," in ji Baba Kura.

Daga bayan labule aka ji faranti ya faɗi. Bahijja ce, ta kawo ruwa. Ta shigo ta durƙusa.

"Kawu, ai ba a yi—"

"Ba a yi?" Hajiya Saude ta katse ta. "Yaron nan ba shi ya koya miki ba? So kike a riƙa nuna shi a Roni ana cewa ga wanda mata ke ciyarwa? In ba za a canza sunan ba, a ɗage ranar!"

Ummi Kulsum da ke bakin ƙofa ta dafe ƙirji. "A ɗage? Kayan ɗaki fa har sun iso!"

Baba Kura ya gyara hularsa. "Ni ban ba ta aikin ba, balle in ƙwace. A bar yaran su yi magana."

A zaure, Bahijja ta tsaya hawaye yana zuba.

"Yaya Musaddiƙ, da saninka aka shirya wannan?"

"A mota na ji."

"Ka ce musu me?"

"Ban ce komai ba."

"Na lura." Ta miƙa masa wayarta. "Ga imel ɗin matar a buɗe. Ni da kai mun san ba za su ba ka ba, ni ma kuma sallamata za su yi. Amma wallahi in ka ce da bakinka in rubuta, yanzu zan rubuta. Na fi son ka a kan aikin. Ka faɗa!"

Ya karɓi wayar ya duba.

"Bahijja, da na ji labarin nan, sai da wani abu ya tokare min a wuya. Ni na fara, ni na fi aikawa, ko a'a ban cika samu ba." Ya numfasa, ya mayar mata da wayar. "Amma wuyana ne, ba naki ba. Share fuskarki."

Ya koma falo ya durƙusa gaban kawunsa.

"Kawu, a gafarce ni. Ba na so."



"Me ka ce?!" in ji Hajiya Saude. "A gidan surukai za ka mayar mana da magana?"

"Hajiya, ki yi haƙuri. Aikin nan ba gurbi ba ne. Ita suka yi wa tambayoyi, ita ta amsa. Ranar Litinin za su kunna bidiyo suna jiran Bahijja, sai su ga gemu?"

Tari ya sarƙe Baba Kura, irin tarin da ke kama dattijo in dariya ba ta dace ba.

"La'ilaha illallahu! An shanye yaron nan!" Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Saude, tashi mu tafi. Babu biki!"

Ko ruwan ba su sha ba.

Damina ta wuce, aka yi kaka, ranar da aka sa ta zo ta wuce babu ko guɗa ɗaya. Bahijja ta yi aikinta, ta yi kukanta, kowanne a lokacinsa. Matan unguwa suka ce boko ya ci mata aure, sannan su shigo ta tura musu data. Musaddiƙ ya koma gyaran waya a kasuwar Gwiwa. Kullum da safe zai durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, ta amsa wa bango. Da aka nuna masa wata yarinyar, ya ce ya gode, yana da tasa.

Wata rana da ya zo zance, a zaure Bahijja ta ce, "Yaya, nuna min irin imel ɗin da kake aikawa."

Ta karanta, ta riƙe baki. Ya gaida matar da ya rubuta wa, ya tambayi iyalinta, ya tambayi gajiyar aiki, ya tambayi damina a garinsu, ya yi wa iyayenta addu'a. Abin da ya iya yana can ƙasa, inda sai mai dogon kwana zai isa.

"Subhanallahi! Yaya, wannan ai gaisuwar Sallah ce! Haka ka aika wa kowa?"

"To in faɗa wa mutane babu sallama?"

Ta share, ta share, ta bar layi kaɗan: sunansa, manhajar da ya haɗa wa masu gyaran waya, da dalilin da ya sa wannan kamfanin yake so ba wani ba.

"Wannan ai rashin kunya ne," in ji shi.

"Aika."

Ya aika, ya kuma ci gaba da aikawa. Kafin azumi wani kamfani a Kano ya kira shi, ya gwada shi, ya ɗauke shi. Albashinsa bai kai nata ba, amma a Roni babu wanda ya ga dacewar tambaya.

Hajiya Saude da kanta ta zo Kazaure. Ta kama hannun Bahijja, idonta ya kawo ruwa.

"'Yata, ki yafe min. Da an bi tamu, da yanzu babu naki babu nasa."

"Haba Hajiya! Ni ba ki yi min komai ba," in ji Bahijja, wanda ba gaskiya ba ne, amma tarbiyya ce.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Ranar da amarya ta je gaida dangi a Roni, Kawu Lauwali ya yi ƙasa da murya.

"Amarya, ƙaninku Abu ya gama difloma. Ki ɗan yi wa matar nan ta Legas magana, ko da ɗan gurbi."

"Kawu, sai dai ya rubuta mata da kansa."

"Shi kaɗai? Ba wanda zai kai shi?" Kawu ya girgiza kai. "Duniya ta lalace."

Darasin dai ba sabo ba ne. Rabon wani ba riga ba ne, balle a tuɓe masa a sa wa wani. Wanda ya ƙi cin rabon masoyinsa ya jira nasa, Allah ba ya mantawa da shi, kuma mahaƙurci mawadaci. Sai dai yayin da ake haƙurin, ba laifi a rage gaisuwa.