Zulma Ba Ta Roƙo

"Ke ce jagorar tamu? To, madalla."

Zulma ta ɗago daga tarbar fasinjojin da suka sauko daga jirgin ruwan yawon buɗe ido a tashar Montevideo, gabanta ya faɗi. Doña Nélida ce, matar da ta rantse Zulma, 'yar makaɗan unguwar Barrio Sur, ba za ta shiga danginta ba, ta tattara ɗanta ta kai Madrid. Ga ɗan nan a bayanta, Yamandú, wata mace riƙe da hannunsa.

"Wannan Pilar ce, wadda zai aura," in ji tsohuwar. "Ki gan ta. Da kaina na ce wa ofishinku ke nake so ki zaga da mu."

Wato takanas aka keto teku don a ci mata fuska. Zulma ta nuna musu hanya.

"Sannunku da zuwa. Ku hau mota."

Ta zaga da su dandalin Plaza Independencia da tsohon gari, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Amma son Yamandú na nan daram a ranta, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Da yamma jirgi zai tashi, in ya bi shi kuwa shi ke nan.

A Rambla, titin bakin teku, aka tsaya shan iska. Zulma ta zaro flas daga hammata ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da aka saba sha a garin, ita da direba suna sha bi da bi da bututu ɗaya kamar kullum.

"Ba ni in ɗanɗana," in ji Pilar. Ta karɓa, ta ciro tishu ta goge bakin bututun tas.

Direba ya kau da kai. A garin nan gara ka zagi mutum da ka goge masa bututu. Pilar baƙuwa ce, amma tsohuwar a nan aka haife ta.

"Goge da kyau, 'yata, ba a san bakin da ya taɓa shi ba," in ji Doña Nélida.

Zulma ta karɓe ƙoƙonta, ta zuƙa a gabansu, ta sake cikawa.

"Bakina ne, Doña. Kuma ba na jin kunyarsa."

"Zulma… ba ni," Yamandú ya ce a hankali.

"Ba na ba baƙi."

"Ni ba baƙo ba ne, rabin raina."

Ya karɓa, ya sa baki inda ta sa nata, ya shanye har bututun ya yi ƙara.

"Yamandú!" uwar ta daka tsawa. Bai waiwaya ba.

A tasha, ana layin shiga jirgi, Yamandú ya sha gaban Zulma.

"Ki ce in zauna, zan zauna."

"Ba zan ce ba. Wancan karon na roƙe ka har da kuka, ka tafi. Ga mahaifiyarka can, ita za ka faɗa wa, ba ni ba."

Ta juya masa baya, zuciyarta kamar ta fashe. Daga nesa ta ji yana ba Pilar haƙuri, ta ji uwar tana faɗa, sannan jirgi ya yi ƙugi ya soma janyewa. Ta ƙi juyowa… sai da ta ji numfashinsa kusa da ita.

"Kayanka fa?"

"Sun tafi."

"Gobe ka zo gidanmu, ta ƙofar gaba. Baba yana da tambayoyi."

Sai a lokacin ta bari ya ga hawayenta.