Inci Biyu Na Tef Ɗin Marigayiya

Ranar da aka ɗauke Auta daga teburin awo aka mayar da ita ɗakin guga, sai hawaye ke ɗiga a kan rigunan mutane, dutsen guga yana bi yana busar da su. Shekara huɗu tana ɗinki a shagon nan, tun rasuwar mahaifiyarta wadda ba ta bar mata komai ba sai wani tsohon tef na awo. Hannunta kuwa da albarka, duk macen da ta shigo sai ka ji ta ce, "Ina yarinyar nan? Ita za ta auna ni." Wannan magana ita ke cin ran 'yar kawunta da suke zaune gida ɗaya, wadda ta girme ta, ta riga ta zuwa shagon, amma ba a taɓa shigowa neman ta ba.

Sai ciwo ya zo ya ba mai hassada makami. Wata shida Auta na fama da ƙwannafi. Da ta ci abinci ta duƙa kan keken ɗinki, sai wani ruwa mai tsami ya taso mata har maƙogwaro, ƙirji ya ɗau zafi, baki ya ɗau wari. Shi kuwa awo aiki ne na fuska da fuska.

"Hajiya, ni fa kunya nake ji," in ji 'yar kawun ga mai shagon a gaban kowa, tana toshe hanci da mayafi. "Ɗaki ɗaya muke kwana, ban taɓa ganin ta da buroshi ba."

"Yaya, ki ji tsoron Allah... sau biyar nake wankewa kullum."

"Da me? Da ruwan kwata?"

Aka kwashe da dariya. Hajiya mai shagon kuwa ta fi tsoron gudun kwastoma a kan haƙƙin marainiya, sai ta ce Auta ta koma guga, in wata ya ƙare abin bai sauya ba, ta nemi wani wurin. Wayyo! Yarinya ta dirji haƙora har dasashi ya yi jini, ta tauna kanumfari har harshe ya mutu. A gida ma matar kawu ta ware mata kofi da cokali. Sai ta rungume tef ɗin nan tana kuka, "Ya Allah, ka san ba ƙazanta ba ce... ka wanke ni."

'Yar kawun ta gaje teburin, ta haɗa da littafin awon Auta. A ciki akwai awon wata likita mai riguna uku masu tsada. Ta ce wa Hajiya ai ta sake auna matar da hannunta, alhali lambobin Auta ta kwafe, ta ɗauko sabon tef ɗinta ta yanka.

Da Likita ta zo gwaji, kafaɗa ta zubo damtse, hannun riga ya haɗiye yatsu, ƙugu kamar buhu.

"Awon Auta ne," in ji 'yar kawun. "Da gangan ta rubuta ƙarya."

"Ba ke kika ce kin sake aunawa ba?" in ji Hajiya.

"Wannan ko taɓa ni ba ta taɓa yi ba," in ji Likita. "A kira min yarinyata."

Auta ta fito ta tsaya can nesa, tafi a kan baki, ta miƙa tef ɗinta. Ashe kansa ya gutsure tun zamanin marigayiya, daga inci biyu yake farawa. "Da shi nake aunawa, da shi nake yankawa, Hajiya. Wanda ya ɗauki lambata da wani tef, inci biyu zai ƙaru a ko'ina."

Likita ta ce, "Matso, 'yata, sauke hannun nan ki auna ni." Tana aunawa Likita ta tambaye ta ko ƙirjinta na zafi bayan cin abinci, ko tsami na taso mata. Auta ta gyaɗa kai, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Bakin nan ya fi na wasu tsabta," in ji Likita, tana kallon 'yar kawun. "Daga ciki ne. Ƙofar tumbi ce ta saki, ruwan ciki ke dawowa sama. Ki zo asibiti gobe mu duba ki, ki kuma daina duƙawa kan keke da kin gama cin abinci."

Hajiya ta rasa inda za ta sa fuskarta. "Ki yafe min, 'yar nan." Ta juya ga 'yar kawun, "Ke kuma ajiye almakashin nan, dutsen guga na jiran ki."

Auta ta rage rigunan suka zauna ɗas. Kafin wata biyu, da magani da kiyayewa, warin ya tafi. Har yau 'yar kawun na can cikin tururi da gumi, kuma babu ranar da ba ta jiyo murya daga bakin ƙofa tana cewa, "Ina yarinyar nan? Ita za ta auna ni."